Masu Kameliya a Jojiya

Wanda ya bar Atlanta ya nausa kudu a watan Fabrairu ba ya sa ran ganin fure. Kusan awa biyu ake yi a mota kafin a kai Fort Valley, a tsakiyar jihar Jojiya ta Amurka, kuma dama da hagu gonakin itatuwan marmari ne tsirara, sanyi ya kakkaɓe musu ganye tas. Sai an wuce garin kaɗan, a kan hanyar Marshallville, ake shiga lambun Massee Lane. A nan, ƙarƙashin dogayen itatuwan fain, na tarar da bishiyoyi masu ganye kore shar, mai sheƙi, suna ɗauke da furanni ja da fari da ruwan hoda, wasu faɗinsu ya kai tafin hannun babban mutum. Kameliya ke nan, furen da ke buɗewa a lokacin da sauran tsirrai suka yi likimo.

Bahaushe ya daɗe da sanin dangin wannan bishiya, ko da bai san sunanta ba. Ganyen shayin da muke sha kullum daga wani nau'in kameliya ake tsinko shi, kuma shi ne ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. 'Yan'uwansa da ake shukawa don ado asalinsu Sin da Japan da Koriya. Sasankuwa ita ke fara fure tun kaka, jafonika ta karɓa cikin hunturu, retikulata ta lardin Yunnan kuwa ita ce mai manyan furanni. Yawancinsu ba su da ƙamshi ko kaɗan. Kyawunsu na ido ne.

Lambun kansa wani manomi ne, Dave Strother, ya fara dasa shi a shekarun 1930. A 1966 ya ba Ƙungiyar Kameliya ta Amurka kyautarsa, ƙungiyar da aka kafa a 1945, kuma har yau nan ne hedikwatarta. Akwai iri fiye da 1,000 a ciki, kowace bishiya da allon sunanta, ga tsofaffin duwatsun niƙa da mai lambun ya tattaro an jera su a bakin hanyoyin bulo. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne mutanen da na gani a baje kolin furanni na ƙungiyar masu kameliya ta yankin.

Tun da sassafe suke isowa, yawancinsu dattawa maza da mata, da akwatunan sanyi a hannu. Cikin kowane akwati furanni ne kwance a kan auduga, an yanko su da ganye ɗaya ko biyu. Kowane fure ana ɗora shi a ɗan ƙaramin kofi mai ruwa, a ajiye katin sunansa a gaba, har tebura su cika maƙil. Na ga wani tsoho, hannunsa na rawa, yana share ƙura daga jikin fure da ɗan burushi mai laushi, ya kai minti goma a kan guda ɗaya. Daga nan alƙalai su zagaya suna duba girma da siffa da launi da ɗanyantaka. Wanda ya ci, abin da zai samu bai wuce ƙyallen yabo ko ɗan kwano ba.

Gasa ce ta gaske, kowa yana son ya ci. Duk da haka, da aka buɗe wa jama'a ƙofa, na tsaya ina kallon wani fure fari mai jan baki, sai matar da ta kawo shi, wadda ta isa haihuwata, ta matso ta tambaye ni ko ina da lambu. Kafin in gama amsawa ta fara bayyana mini yadda ta same shi da wannan girma. A cikin kaka, in ji ta, ana ɓalle ɗan tohon ganye da ke gefen ƙullin fure, a ɗiga ɗigo ɗaya na sinadarin jibarelik a gurbinsa, sai furen ya buɗe da wuri kuma ya fi girma. Ana kuma rage ƙullin furanni a reshe, a bar ɗaya ya cinye abincin shi kaɗai. Ba ta ɓoye komai ba, kuma ba ha'inci ba ne, domin furannin da aka yi wa wannan ɗigo rukuninsu daban a gasar. Maƙwabcinta na tebur, wanda ta kayar a ranar, ita ce ta ba shi reshen da ya dasa tasa bishiyar.

Wannan halin yana da tushe a jikin bishiyar kanta. Idan ka shuka ƙwayar kameliya, sai ka yi shekaru kana jira kafin ta yi fure, kuma abin da zai fito ba zai zama irin uwar ba. Hanyar samun irin da kake so ita ce ka yanki reshensa ka kafa, ko ka yi masa aure a kan wani kututture, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro a wajenmu. Akwai wata fara mai suna Alba Plena da aka kai Ingila daga Sin a 1792. Duk wadda ke tsaye yau da wannan suna, a Jojiya ko a wani wuri, yanki ne na tsatson bishiya guda, ta biyo hannu zuwa hannu fiye da shekara 200. Irin da mai shi ya yi rowarsa, ranar da sanyi mai tsanani ya kashe bishiyar ya tafi ke nan. Shi ya sa suke ɗaukar ba da reshe a matsayin ajiya. Haka aka yi da wadda ake kira Betty Sheffield, sunan wata mata ne ta garin Quitman a kudancin jihar, wadda irin ya tsiro a lambun gidanta. Yau ana samunsa a ƙasashe da dama.

Taron ƙungiyar ma aiki ake yi a cikinsa. Lokacin aure kowa ya zo da wuƙarsa mai kaifi da rassan da ya yanko daga gida, a zube a tebur, mai so ya ɗauka. Da bazara su fita tare, su feƙe ɓawon reshe a jikin bishiya, su naɗe wurin da gansakuka mai laima, su rufe. Bayan watanni ya yi saiwa, a yanke shi a sa a tukunya, a sayar da rahusa don gudanar da ƙungiya. Sabon shiga kuwa gargaɗi biyu ake fara yi masa: kada ya binne dashe da zurfi, kuma ya riƙa tsince furannin da suka faɗi, saboda wata cuta mai ruɓar da fure a jikinsu take kwana har shekara ta zagayo, ta kuma tsallaka gidan maƙwabci.

Na tambaya ko kameliya za ta yi a Kano, aka kwatanta mini abin da take so: ƙasa mai ɗan tsami, inuwa mai ratsin rana, danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, da sanyi. Zafin Afrilu da busasshiyar iskar hunturunmu ba za su bar ta ba, sai dai a gwada a wuri irin Mambila.

Damuwar da suka fi ambata ita ce tsufa, domin furfura ta fi yawa a ɗakin. Don haka suka ware tebur na masu fara kawo fure. Duk wanda ya shigo da fure daga tsohuwar bishiyar gidan kakarsa, bai ma san sunanta ba, sai dattawa su kewaye shi da littafin sunaye, su yi ta jujjuya furen suna muhawara har su gano irinsa, su rubuta masa kati, sannan su nemi izinin zuwa su yanki reshe.