Daga Azare zuwa Katagum: Yadda gari ke waye wa makaɗa da mawaƙa

 A wannan mako za mu kama hanya ne zuwa arewacin Jihar Bauchi, ƙasar Katagum, domin mu leƙa safiyar wasu mutane da kowa ya san darensu amma kaɗan ne suka san yadda gari ke waye musu. Ina nufin makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo, da kuma masoyansu waɗanda ba sa barin dandali sai an naɗe tabarma.

Idan ka taso daga Kano ka bi titin Maiduguri, ka wuce Wudil da Shuwarin, ka haye gadar Jama'are, to ka kusa Azare. Yi ƙoƙari ka kwana a garin, domin wanda ya ratsa shi da rana tsaka tasha da gidajen mai kawai zai gani. Azare tana nuna kanta ne tsakanin kiran assalatu da hantsi. A lokacin ne hayaƙin murhu ke tashi daga kowane lungu, mai ƙosai ta ɗora kasko, mai masa ta shafe tanda da mai, mai shayi ya jera burodi a kan tebur. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh na sauri zuwa aji, ma'aikatan asibiti da suka yi aikin dare na komawa gida. A cikin wannan hada-hada, a lokacin bukukuwa, za ka hangi wani da kalangu rataye a kafaɗa, idanu jawur, ko wasu mata uku ko huɗu da ƙore ɗaure cikin zane, sun sauko daga motar ƙauye. Ga sauran jama'a yini ne ya fara, su kuwa yanzu aikin jiya ya ƙare.

Wasan da ya haɗa kiɗa da waƙa da rawa da kwaikwayo ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A gidan biki masu kiɗan ƙwarya kan kifa ƙwarya a kan ruwa su kaɗa, zabiya ta ba da waƙa 'yan amshi su karɓa, can sai wata ta faɗo fili ta kwaikwayi kishiya ko uwar miji, gida ya ɗauki shewa. Akwai 'yan kama, ko da yake sun yi ƙaranci yanzu, waɗanda duk waƙar da suka ɗauko sai sun mayar da ita ta tuwo da miya. Ga kuma samarin zamani masu fiyano da lasifika, da 'yan makaranta masu shirya dirama mai waƙa. Dukkansu jarinsu ɗaya ne: murya da ƙarfin jiki.

Ruwan ɗumi da kame baki

Tsofaffin hannu a wannan sana'a suna da tsarin safiya da ya kamata a duba. Bayan sallar asuba sukan sha ruwa mai ɗumi, wani da ɗan zuma, wani da citta da kanumfari, sannan su kame baki daga hira, su kwanta har hantsi. Wanda bai sani ba sai ya ce girman kai ne ya hana makaɗi amsa gaisuwa da tsawo. A'a, hutu yake ba maƙogwaronsa.

Ga dalilin. Murya tana fita ne daga wasu siraran naman tsoka guda biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda ke kaɗawa suna haɗuwa idan iska ta ratsa su, kimanin sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sau 200 ko fiye ga mace. To ka lissafa zabiyar da ta yi awa huɗu tana ɗaga murya a kan ƙarar ƙwarya, cikin ƙurar da masu rawa ke tayarwa, balle a ce lokacin hunturu ne. Da safe naman nan a kumbure yake, shi ya sa murya ke dishewa. Maganinsa na farko shiru da barci. Raɗa ba hutu ba ce, tana ƙara wahalar da maƙogwaro, haka ma yawan gyaran murya.

Ruwan da ka sha ba ya bi ta kan naman muryar, ta wata hanya yake wucewa zuwa ciki, sai jiki ya tsotse shi sannan laimarsa ta isa can bayan wani lokaci. Don haka wanda zai yi waƙa da dare, tun da safe zai fara shan ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke kai laima kai tsaye shi ne surace da turirin ruwan zafi zalla. A titin Broadway na birnin New York a Amurka, inda 'yan wasan kwaikwayo mai waƙa kan hau dandali sau 8 a mako, ruwa da surace da barci da kame baki su ne dai dokar. Ashe tsofaffinmu ba su yi nisa da likitocin murya ba.

Sai dai matan wannan sana'a ba duka ke samun wannan hutu ba. Zabiya uwa ce, 'yar amshi matar aure ce. Tana dawowa tukunya na jiranta, yara na jiran wanka. Haka ma uwargida mai son kallo da ta kai ƙarfe ɗaya a gidan biki: ita ce za ta makara, yara su tafi makaranta da kuɗin alawa a madadin kalaci.

Abin da ke cikin kwanon

Ka tambayi makaɗi abin da ya fi so da safe, da wuya ya wuce ɗumame, na tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya, a ɗan zuba man shanu. Yana riƙe ciki har azahar, kuma ba ya cin aljihu. Sharaɗinsa ɗaya: a tafasa miyar sosai, tuwon ya yi zafi har cikinsa, domin abincin da ya kwana a ɗakin zafi ba a yi masa ɗumin wasa.

Mawaƙa sun fi karkata ga abin sha mai ɗumi, koko da ƙosai ko kunun tsamiya ko kunun gyaɗa. Wannan haɗi ne mai kyau: gero ya ba da ƙarfi, wake ya gina jiki, ruwan ya mayar da abin da gumi ya kwashe. Inda ake ɓata shi wajen suga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da baligi ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, a tsaya a 6 ma ya fi. Wani kuwa a kofin koko ɗaya yake cinye rabon yininsa. Mai hawan jini kuma ya yi hattara da kunun kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce.

Ba a zuwa ƙasar Bauchi a ƙi cin masa, kuma ranar da aka samu liƙi mai kauri ita ce abincin murna, da miyar taushe ko da ƙuli da yaji. Da hantsi kuma matan Fulani za su shigo gari da ƙoren fura da nono. A nemi nonon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi, a kuma kula da ruwan da aka dama da shi.

Abincin da ke yi wa mawaƙi illa shi ne na tsakar dare: a tashi daga wasa ƙarfe biyu, a cika ciki da tsire mai yaji ko indomi da ƙwai, a bi da lemon kwalba, a kwanta nan take. Ruwan tsamin ciki sai ya hauro har maƙogwaro, a wayi gari da ƙwannafi da ɗacin baki da dasasshiyar murya. A ci abinci mai nauyi kafin wasa, bayan wasa a tsaya ga mai sauƙi, kuma idan da hali a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya.

Katagum, bakin kogi

Daga Azare sai mu nufi arewa, tafiyar kimanin kilomita 70, zuwa garin Katagum a Ƙaramar Hukumar Zaki. Nan ne tushen masarautar da Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kafin a mayar da fada Azare a farkon mulkin Turawa, fiye da shekara 100 ke nan. Ta nan matafiyin nan na Birtaniya, Clapperton, ya bi a 1824 a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano da Sakkwato. Ƙasa ce ta Fulani da Hausawa da Barebari da Badawa, kuma ana jin wannan cuɗanya a kiɗa, ana ɗanɗana ta a tukunya, inda burabusko ke zama kusa da tuwo.

Safiyar Katagum ta kogi ce da fadama. Masunta sun riga kowa fita, manoman rani na bin bayansu, kuma kifi, ɗanye ko banda, shi ne naman miya. A ƙauyukan wannan yanki makaɗi manomi ne ko masunci, kiɗa sai an kawar da amfanin gona, lokacin aure da wasannin kaka. Shi ba ya samun barcin hantsi, daga dandali sai gona. Abin da ke cetonsa shi ne ba ya fita sai ya karya, ya kuma tafi da gorar fura ko kunu. Shi ya fi kowa sanin cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Da azumi kuma dandalin na yara ne. Daga goma ga wata ake fara tashe, gida-gida, da waƙa da rawa da shigar ban dariya, har da wasan Jatau Mai Magani, wanda ke burge mu masu harhaɗa magunguna. Yaron da ya yi yawon tashe har dare ya raba, a tabbata ya sha ruwa sosai kafin ya kwanta, kuma kada barci ya cinye masa sahur.

Ƙwayar da ta maye gurbin kalaci

Abin da ya sa na kawo ku wannan tafiya shi ne wata sabuwar safiya da ke neman ture tsohuwar, a nan da ma sauran garuruwanmu. Matashi ya kwana yana rawa ko kiɗa, ya tashi jiki na ciwo, maimakon ya nufi mai koko sai ya nufi kemis ko mai tallar magani a faranti, a haɗa masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ya kora da lemon ƙara kuzari, cikinsa wayam.

A irin wannan haɗi akan samu diclofenac da ibuprofen tare, alhali dangi ɗaya ne, shan su tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka illa. Suna cin bangon ciki har su kai ga gyambon ciki da aman jini, kuma ga wanda gumi ya ƙafe jikinsa suna wahalar da ƙoda. Mutanen wannan kwari ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, domin sun san yadda maƙwabtansu na Haɗeja da Gashuwa ke kuka da ciwon ƙoda. Akwai kuma dexamethasone da prednisolone da mawaƙa ke sha wai don buɗe murya. Gaskiya suna sauke kumburi na ɗan lokaci, amma ɓoye raunin suke yi, mutum ya ci gaba da waƙa a kan ciwo, kuma yawan shan su na tayar da suga da hawan jini. Magungunan mura masu sa barci busar da maƙogwaro suke yi. Su kuwa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin, ba abin da suke yi wa muryar da gajiya ko mura ta dusar.

Mafi muni su ne tramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018. Tramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Masu ƙarfin 200 da 225 da ke yawo a hannun matasa haramtattu ne, suna jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da su ba ya iya hawa dandali sai da su.

Idan ciwon jiki ya matsa, farasitamol ya isa ga yawancin mutane, ƙwaya biyu ga baligi, kada a wuce sau huɗu a yini. Muryar da ta dishe ta wuce mako 3 kuwa, ko ta zo da jini a kaki ko wahalar haɗiya, musamman ga mai shan taba, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ba ta kemis ba.

Naka kason, mai karatu

Wataƙila ka ce kai ba makaɗi ba ne. To amma kai ne mai biki. Maigida, idan ka gayyato masu wasa, ka sa a ba su abinci kafin su fara, a ajiye musu ruwa mai tsabta a kusa, a yayyafa wa fili ruwa saboda ƙura, a kuma tashi da wuri. Uwargida, idan kin san za ki kai dare a wajen kallo, ki jiƙa gasara ki gyara wake tun da yamma, yadda kalacin yara ba zai dogara da ƙarfinki na safe ba. Idan kuma kuna da ɗa ko 'ya mai sha'awar waƙa ko dirama, ku lura da safiyarsa fiye da darensa: wanda ya daina neman kalaci, ya koma barcin rana da saurin fushi da ɓoye ƙullin leda a aljihu, ku zaunar da shi cikin lalama, ku kai shi asibiti tun abin bai yi nisa ba.

Duk ranar da hanya ta bi da ku ta Azare, ku tsaya ku ci masa da zafinta. Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.