Cinikin Biri a Sama

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya iso Kura zai ga abin mamaki. Ko'ina ciyawa ta bushe, amma a nan gonaki kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa. Wannan albarka kuwa daga madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa yake gangarowa zuwa gonakin Bunkure da Kadawa da Garun Malam da Kura. A wannan yanki aka haife ni, kuma da kuɗin noman rani ake saya mini littattafai da sabulu da garin kwaki in za ni makaranta. Saboda haka in na yi magana a kan kuɗin manomi, abin da ya shafe ni ne.

Mutanenmu sun iya ciniki tun kaka da kakanni. A kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, mai saye ba ya biya sai ya duba kwando ya tabbata na ƙasa daidai yake da na sama. Mai sayen shinkafa a Kura sai ya ɗebo daga buhu, ya murza, ya tauna, ya ji ko ta bushe. Ga kuma dillali a tsakani, ya san mai kaya, ya san mai saye, yana karɓar la'adarsa, in magana ta taso shi ake nema. Wato abu uku ne suke tsare dukiyar mutum a kasuwa: ganin ido, da shaida, da sanin inda za a sami mai kaya gobe.

To, sai ga zamani ya zo da cinikin waya. A farkon 2023, sa'ad da aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, har tsofaffin da ba su yarda da banki ba suka koyi tura kuɗi ta wayar hannu. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara kuma aka cire tallafin man fetur, mai ya yi tsada. Manoman da gonakinsu suke nesa da hanyar ruwa, waɗanda sai da inji suke ban ruwa, suka shiga wani hali. Kowa ya koma neman araha, musamman injin da yake aiki da hasken rana. Mazambata kuwa sun san inda ƙaiƙayi yake.

Baffana, ƙanen mahaifina, yana cikin waɗannan manoma. Da na je hutun Disamba na tarar gidansa tsit, sai daga baya na ji dalili. Ashe ya ga tallar injin hasken rana a Facebook, kuɗinsa bai kai rabin yadda ake sayarwa a Sabon Gari ba. Ga hotuna masu kyau, ga mutane a ƙasa suna ta yabo, wai sun saya sun ji daɗi. Ya buga lambar, wani ya amsa da Hausa tsantsa, yana "Ranka ya daɗe, Alhaji." Ya ce kayan gwanjo ne, saura uku kaɗai, wanda ya riga biyan rabi shi ne da kaya. Baffa ya sayar da buhu huɗu na shanshera ya tura. Kashegari wani ya kira, wai shi ne direba, mota ta lalace a hanya, sai an ƙara na gyara. Ya ƙara. A rana ta uku waya ta mutu, talla ta ɓace.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin noman rani ba ya jiran kowa. Irin tumatir ɗinsa ya isa dashe, babu inji, babu kuɗin mai. Da ƙyar ya yi hayar injin maƙwabci ya dasa rabin gona. Ɗansa, wanda muke sa'a, sai da ya yi mako biyu a gida bayan an koma makaranta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kunya ta hana Baffa gaya wa kowa sai bayan kwana bakwai, lokacin da kuɗi suka riga suka yi nisa.

Na yi ta tunani a kan wannan al'amari, na ga cewa Baffa ba wawa ba ne. Mutumin da ba a taɓa cutarsa a kan kwandon tumatir ba, ta yaya aka cuce shi a waya? Amsar ita ce mazambacin ya raba shi da abubuwa ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ba shi hoto a maimakon kaya, alhali kowa yana iya kwafo hoton shagon wani. Ya ba shi yabon mutanen da bai sani ba a maimakon shaida, wataƙila ma shi ne ya rubuta yabon da sunaye dabam dabam. Ya ba shi lambar waya a maimakon rumfa. Sa'an nan ya sa masa gaggawa don kada ya sami damar yin shawara. Wannan shi ne Hausawa suke kira cinikin biri a sama.

Ba cewa nake a daina saye ta intanet ba. Akwai 'yan kasuwa na gaskiya a ciki, har ma manyan kamfanoni irin su Jumia suna da tsarin da mutum zai biya sai kaya sun iso hannunsa. Abin da nake roƙo shi ne mu ɗauki dokar kasuwarmu mu kai ta cikin waya. In an ga kaya, a fara tambayar kuɗinsu a wuri biyu ko uku. In arahar ta yi yawa, a tsaya, gama banza ba ta kai zomo kasuwa. In mai kaya ya ce shagonsa yana Kano, daga Kura tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, a je ko a aiki ɗan'uwa ya gani da idonsa. Kafin a tura kuɗi a duba sunan da ya fito a asusun, in ya saɓa da na mai shago, akwai magana. Lambar sirri ta kati, da lambobin da banki yake aikowa ta saƙo, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. Mai sayar da shinkafa ko albasa kuma kada ya saki kaya don saƙon alat kaɗai, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga. In kuwa ƙaddara ta faɗa, a garzaya banki a ranar, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda take da ofis a Kano.

'Yan'uwana ɗalibai, a makaranta an hana mu riƙe waya, amma da mun je hutu mu ake miƙa wa a ce, "Karanta mini wannan." Wannan amana ce. Mu ne dillalan gidajenmu yanzu, ko da yake ba mu da la'ada. In mun ga abin da bai kwanta mana ba, mu faɗa cikin ladabi, mu ce, "Baba, a bari a kwana, a tambaya tukuna." Kwana ɗaya ba ya kashe cinikin gaskiya, na ƙarya kaɗai yake kashewa.

Iyayenmu kuma, ina roƙonku da girman Allah, ku riƙa shawara da mu a kan abin da ya shafi waya, ƙanƙantarmu ba ta hana mu ganin abin da aka rubuta. Wanda aka cuta kada ya ɓoye, ya faɗa a majalisa da ƙofar masallaci, domin shirunsa ne yake ba ɓarawo damar shiga gidan maƙwabci.

Allah ya tsare mana guminmu, ya sa albarka a noman bana, amin.