DAGA CHEBERU ZUWA JAPAN: HANYAR BA TA HANNUN DILLALI

A wannan fitowa tsarabar tafiya na kawo muku, daga wani ƙauye da ake kira Cheberu a ƙaramar hukumar Gwandu ta jihar Kebbi, inda bikin wata 'yar kawunmu ya kai ni a watan Disamba na 2025. Na je cin tuwon biki ne kawai, amma sai na dawo da labarin da na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

Tun da asuba muka bar Kano, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Muka bi ta Funtuwa da Gusau har Sakkwato, daga nan muka miƙa ta Tambuwal. Kafin a ce mun iso Aliero hanci ya riga ya gaya mana, don ƙamshin albasa ne ya tarye mu tun daga bakin gari, ga buhuna nan jibge kamar ba za su ƙare ba. Muka wuce Jega da magariba, muka kwana a Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take a yanzu. Washegari muka shiga Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, wanda a nan hubbarensa yake. Mun tsaya mun yi masa addu'a, sannan muka ƙarasa Cheberu wajen azahar.

Wallahi duk wadda ta saba da hayaniyar Kano, in ta sauka a irin wannan wuri sai ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. An gama kaka, rumbuna sun cika, ko'ina ka ji luguden mata, ga shinkafa an baza a tabarmi tana shan iska. Gwaggona ta tarye ni da fura mai sanyi a ƙwarya, tana ta faɗin, "Maraba da mutanen Kano, kun sha hanya, ɗiyata." Sai dai tun daga gaisuwa na lura fara'arta ba ta kai ciki ba, ita kuma 'yarta, wadda ke ajin ƙarshe tana karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 take kan hanyar Kalgo, idanunta sun kumbura alamar ta sha kuka.

Da dare ya yi, muna kwance a ɗaki ɗaya, na ce mata, "Ke, wai me ke faruwa ne a gidan nan?"

Ta ce, "Anti, Inna ce ta hana ni arzikina." Ashe wani saurayi da ke neman ta ne ya haɗa ta da wani mutum a waya, wanda ya ce gwamnatin Japan ta ba 'yan Nijeriya gari sukutum mai suna Kisarazu, akwai biza ta musamman, akwai aiki a kamfani da gida kyauta, kuma shi ke da guraben. Kuɗin da ya yanka kuwa ba za su samu ba sai an sayar da gonar fadamar da marigayi babanta ya bari, wadda da ita Gwaggo ke ciyar da gida, da ita kuma za a yi wa yarinyar kayan ɗaki. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, yau kwana tara ke nan uwa da 'ya ba sa ga maciji.

Allah da ikonsa, cikin 'yan biki akwai wani yayanmu da ya yi digirinsa na biyu a Japan a fannin noma, ya yi aiki a can, yanzu yana tare da wani kamfani mai sayen riɗi yana kai wa ƙasar. Da hantsi na ja yarinyar muka same shi a zaure, Gwaggo ta biyo mu ta zauna a bakin ƙofa. Da ya ji labarin sai ya yi salati, ya ce, "Alhamdu lillahi da Inna ta ƙi."

Ya ce asalin maganar, a watan Agusta na 2025 an yi taron Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 a birnin Yokohama. A wajen ne hukumar JICA, mai kula da taimakon da Japan ke bai wa ƙasashen waje, ta haɗa garuruwa 4 da ƙasashen Afirka 4 don zumunci da musayar al'adu, aka haɗa Kisarazu da Nijeriya saboda garin ne ya karɓi baƙuncin 'yan wasanmu lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo. Sai labari ya bazu cewa har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wannan magana, kuma da hayaniya ta yi yawa, a watan Satumba na 2025 JICA ta janye shirin ɗungurungum. Wato abin da ake so a sayar wa ƙanwata, ko a ranar farko babu shi.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kin jiya ko? Mi nic ce miki? Wanga mutum ɓarawo na!"

Yarinya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Yaya ya ce, "Daina kuka, ƙanwata. Burinki ba laifi ba ne, ƙofar ce kika ɓata. Tsaya in nuna miki ta gaskiya."

Ga abin da ya gaya mana, na kuma rubuta shi a bayan katin biki don kada in manta. Ƙofa ta farko ita ce karatu. Gwamnatin Japan na ba da tallafin karatu da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta da ke Abuja, ba a biyan ko kwabo wajen nema. Wadda ta dace za a biya mata kuɗin makaranta da na jirgi, a riƙa ba ta na kashewa duk wata, kuma mai neman karatun gaba da digiri dole ta kasance ƙasa da shekara 35. Akwai kuma shirin ABE, wanda Firaminista Shinzo Abe ya sanar a 2013, da ke kai matasan Afirka su yi digiri na biyu tare da koyon aiki a cikin kamfanonin Japan. Ɗaliba a can, in ta karɓi izini, tana iya ɗan aikin neman na cefane, amma kada ya wuce awa 28 a mako.

Ƙofa ta biyu, wadda ya fi nanatawa, ita ce harshe. Ya ce yawancin kamfanoninsu da Japananci suke aiki, Turanci kaɗai ba ya kai mutum nesa. Suna da rubutu iri 3, biyu masu haruffa 46 kowanne, na ukun kuwa, wanda ake kira kanji, na yau da kullum kaɗai sun haura 2,000. Akwai jarrabawar harshen mai suna JLPT, mai hawa 5, daga N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru, kuma masu ɗaukar aiki da yawa N2 ko N1 suke tambaya. Ya ce ya ga masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka gama da sakamako mai kyau, amma suka tattara kaya suka dawo, don sun raina koyon harshe sun maƙale wa 'yan'uwansu baƙi.

Ƙofa ta uku ita ce sanin lokaci, kuma a nan ne na fi mamaki. Mu a nan sai an gama karatu, an yi hidimar ƙasa, sannan a fara yawo da takardu ofis-ofis. Su kuwa tun kana makaranta ake ɗaukar ka. Suna kiran wannan farauta shukatsu. Shekarar karatunsu a Afrilu take farawa. Ɗalibi na aji uku yakan je koyon aiki lokacin hutu, a watan Maris kamfanoni su buɗe bayani, a Yuni a shiga ganawa, ranar 1 ga Oktoba a ba da takardar alkawarin aiki, a gama makaranta a Maris mai zuwa, 1 ga Afrilu sababbin ma'aikata su fara aiki rana ɗaya. Mai digiri na biyu kuwa tun a shekarar farko za ta fara. Duk wadda ta ce bari in gama tukuna, to ta yi sake, sai ta tarar kasuwa ta watse. In hakan ta faru akwai ɗan sassauci: da takardar shaida daga makaranta ana ba da izinin zama na wata 6 don neman aiki, a sabunta sau ɗaya. In aikin ya samu, ana duba ya dace da abin da aka karanta kafin a canza bizar ɗalibta zuwa ta aiki.

Na ce, "Yaya, to ina batun sutura da addini ga 'ya mace?"

Ya ce masu neman aiki baƙar kwat suke sawa kamar an haɗa baki, amma ya san Musulmai mata, musamman 'yan Indonesiya da Malesiya, da ke aiki da lulluɓinsu. Abin da ya fi shi ne mace ta faɗi maganar salla da abincin halal tun a wajen ganawa cikin ladabi. Akwai masallatai a Tokiyo da wasu manyan birane. Bai ɓoye mana wahala ba: aiki da tsawo, ba sa yafe makara ko ta minti ɗaya, ga kewa, don suna gaban mu da awa 8, lokacin da Inna ke sallar asuba a Cheberu su sun ci abincin rana.

Sannan ya juya ya ce, "Inna, farin magin da kuke sa wa miya, na wa ne?" Gwaggo ta ce ita ina ta sani. Ya ce Ajinomoto kamfanin Japan ne, yana aiki a Legas tun 1991. Honda na haɗa babura a Ota ta jihar Ogun. Ƙungiyar Sasakawa mai koya wa manoma dabarun noma tana Arewa tun 1992. Riɗin da ake nomawa a ƙasar nan kuwa, Japan na cikin manyan masu sayensa. Wato wadda ta iya aikinta, ta ƙara da harshensu, ko ba ta zauna a can ba tana da inda za a neme ta a gida.

A gabanmu Yaya ya kira mutumin nan, ya tambaye shi sunan kamfanin da adireshinsa. Sai ya fara kame-kame, can ya kashe waya, har na bar garin ba a sake samun sa ba. Saurayin ma ko wajen kamu bai leƙo ba. Da yamma na ga yarinya ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Inna, ki gafarce ni." Gwaggo ta dafa kanta ta ce, "Tashi, ɗiyata. In karatu na, ko bangon duniya za ki, ni ba ni hana ki. Amma gonar ubanki ba ta tahiya hannun wanda ko huskatai ban gani ba."

Ranar da zan taho na same ta a gindin rumbu da littafin makaranta, tana kwafar haruffa 5 na farko da Yaya ya rubuta mata, ƙannenta sun kewaye ta suna dariya wai tana zanen ƙugiya. Ko za ta kai Japan, Allah ne masani. Ni dai na bar Cheberu gona tana nan, uwa da 'ya suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Don haka ƙannena, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sayo muku aiki a wata ƙasa, ku fara gaya wa iyaye, ku tambayi wanda ya taɓa zuwa, ku kuma bincika a ofishin jakadancin ƙasar. Ku riƙe karatunku da kyau, wadda ke da sha'awa ta fara koyon harshen tun yanzu. Allah ya tsare mu daga sharrin mayaudara, ya ba mu ilmi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.