Jif ɗinka na alfarma zai iya ja, amma zai iya ɗauka?

1/ Jama'a, tun da na fara saka hotunan yawon da muke yi da tirelar tafi-da-gidanka a nan Amurka, tambaya ɗaya ke ta shigo min: "Ina da babbar jif, wace tirela zan saya?" To ku zauna, zaren yau mai tsawo ne. Maganar rai ce, ba ta gayu ba.

2/ Ga wanda bai sani ba, ba tirelar ɗaukar siminti nake nufi ba. Ɗaki ne mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, kana maƙala shi a bayan mota ka ja zuwa daji ko bakin tafki ku kwana.

3/ Tawa motar Lexus LX 570 ce, na hannu na saya. Kamfani ya ce za ta iya jan kilo 3,175. Wannan lambar kowa ke haddacewa, ita dillalai ke nuna maka. Amma ba ita ce ke fara tsayar da kai ba.

4/ Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen. Akwai 'yar takarda manne da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Tawa kusan kilo 600 ce. Ja daban, ɗauka daban. Mai amalanke ya san wannan tun kafin a ƙera jif.

5/ Me ya haɗa tirela da ɗauka? Bakinta. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta yana sauka ne a kan ƙugiyar da ke bayan motarka. Wannan nauyin motar ce ke goye da shi, daidai da fasinja.

6/ Mu yi lissafi. Wani dillali ya taɓa nuna min wata mai kyau wadda za ta kai kilo 2,700 idan an loda ta. Ya ce ai motarka ko a jikinta. A takarda kam ya yi gaskiya, 2,700 bai kai 3,175 ba.

7/ Amma kashi 12 na 2,700 kilo 324 ne. Ƙarfen ƙugiya 40. Ni da madam da yara uku 260. Kula da jakunkuna 60. Jimla 684. Mun haura 600 tun ba mu tayar da mota ba. Na yi masa godiya na wuce.

8/ Wadda na saya ƙarama ce, kilo 1,900 da kayanta. Bakinta 228, jimla 588. Yara sun yi ƙorafi wai ba ta da faɗi. Na ce gara mu takura a wurin kwana da mu takura a gadon asibiti.

9/ Idan nauyin baki ya yi yawa, bayan mota ya dafe ƙasa, gaba ya ɗaga. Tayoyin gaba kuwa su ne sitiyari, su ne mafi yawan birki. Ka ga ka rage wa kanka iko ke nan kana tsakiyar titi.

10/ Abin da ya sa na ware motocin alfarma: yawancinsu suna da na'urar da ke daidaita tsayinsu da kanta. Ka loda su fiye da ƙima, su miƙe tsaf kamar ba komai. Ido ya ga lafiya, amma nauyin na nan a tayoyin baya. Ga injin mai ƙarfi, ga ciki shiru, ba za ka ji tana wahala ba.

11/ Kuma kujerun fata masu tausa, da gilashin rufi, da firji, duk nauyi ne da ya riga ya cinye rabonka. Shi ya sa wani lokaci motar da ba ta da ƙyale-ƙyale ta fi mai tsada ɗauka.

12/ Kar kuma ka ce bari in tura kaya can bayan tirela don baki ya yi sauƙi. Nan ne babban haɗarin. Baki ya gaza kashi 10, tirela ta fara rawa hagu da dama, musamman idan babbar mota ta wuce ka ko iska ta buge ta a gefe. Kaya masu nauyi a ƙasa, gaba da tayoyinta kaɗan.

13/ In ta fara rawa: ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kar ka danna birkin mota da ƙarfi. Matsa birkin tirelar da hannu, shi zai miƙar da ita. Don haka dole ka sa na'urar sarrafa birkinta kusa da hannunka.

14/ Akwai ƙugiya mai sanduna da ke mayar da wani nauyin zuwa tayoyin gaba. Tana taimakawa sosai, amma karanta littafin motarka tukuna, don wasu kamfanonin sun hana amfani da ita. Kuma ba ta ƙara maka ko kilo ɗaya a kan lambar jikin ƙofa.

15/ Nauyin da aka rubuta a tallan tirela na fanko ne. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ga tukunyar gas, ga batir, ga buhun shinkafar madam. Ka loda komai, ka je tashar manyan motoci ka hau sikelin CAT. Kuɗi kaɗan ne, kuma sikeli ba ya kara.

16/ Sai gudu. A Kalifoniya doka ta tsayar da mai jan tirela a mil 55 a awa. Ni ko a inda aka yarda da fiye, ba na wuce 60. Mai kuwa ka shirya, za ta sha kamar an huda tanki.

17/ Don haka kafin ka tambaye ni wace tirela, turo min hoton takardar jikin ƙofarka da adadin mutanen gidanka. Daga nan ake farawa. Wanda ya san mai shirin saye, ya tura masa zaren nan. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.