Zuwa ga Yaya, kan wasan Auta a waya

Mu nan Ɗambatta sai godiya, an gama maimai, gero ya yi ciki.

Saƙonki ya iso cewa in ƙwace wayar Auta. Ban ƙwace ba tukuna, ki ji dalilina.

Na zauna kusa da shi a shagon caji yana buga Subway Surfers. Wani ɗan yaro ne ke gudu a kan layin dogo, jirgi ya make shi, kafin ƙiftawar ido Auta ya danna ya sake. Ba bulala, ba dariyar 'yan aji. Nan take ya ga inda ya kuskure, ga makinsa mafi yawa a rubuce yana jiran ya wuce shi. Gudun ma sannu a hankali yake ƙaruwa, ba ya yin sauƙin da zai gundure shi, ba ya yin wuyar da zai sa ya haƙura.

Da gangan masu ƙirƙirar wasannin suke yin haka. A Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya jagoranci yinsa a 1985, abokin gaba na farko a hankali yake tahowa a fili fetal, don mutum ya koyi tsalle da kansa ba tare da an rubuta masa komai ba. Ko macijin tsohuwar Nokia ɗinki, yana ci yana tsawo, tsawon nan kuma shi ke kashe shi. Wato nasararka ce take ƙaro maka aiki.

Mu ma ai da haka muka ƙware a dara a gindin darbejiya: gurbi 30, 'ya'ya 12 kowa, ka jera uku ka ci. A cinye ka, a share ƙasa, a sake zubi, gobe ka gane tarkon.

Inda nake bayanki shi ne Candy Crush, wadda kamfanin King ya fitar a 2012. Rai biyar take bayarwa, in sun ƙare sai ka jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya kuɗi. Wannan ba ƙwarewa ake nema ba, aljihu ake hari. Ita kam na sa ya goge.

Yanzu ba ya taɓa waya sai ya yanko wa raguna ciyawa ya kuma biya allonsa. Da daddare nakan ba shi lissafi biyar-biyar, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya, in duba a gabansa, in ya faɗi ya sake ba faɗa. Jiya da kansa ya ce in ƙaro na rabawa.

In mai zuwa ya samu, ki aiko masa da littafin lissafinsa. A gaishe da maigida.

Ƙaninki.