An Baki Wofi a Landan

A babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan na tsaya gaban Kodes Sinaitikus, Baibul na Girkanci da aka rubuta a kan fata a ƙarni na 4. Baƙaƙen manya ne, kowanne tsaye da ƙafarsa, kalma manne da kalma babu tazara. Masana na kiran wannan hannu ansiyal, sunan da ba ka jinsa sai a bakinsu. A Latin kuma, wajen shekara ta 800, zamanin Sarki Shalman, aka daidaita hannun Karolin, kakan ƙananan baƙaƙen bokonmu. Kowane hannu an raɗa masa suna, an sa masa zamani, an kulle shi cikin gilashi.

Ni kuwa hankalina Shika ya koma, zauren da muka yi babbaƙu da farfaru. Turawa salo suka sa wa suna. Malamanmu sun bi baƙi ɗaya sun sa masa suna gwargwadon zamansa cikin kalma. Ainun da ke farkon kalma, baki buɗe, shi ne an baki wofi. Idan ya shiga tsakiya ya rufe, ya koma an likkafa, don wanda ya san doki ya san kamar. Ga mim jaye, ga lam ara, ga ha kuri, ga alu ja da ake sakawa da jar tawada. Yaro ɗan shekara biyar na rera su da safe, bai san ilimin siffar rubutu yake yi ba.

Hannun rubutun namu kansa daga Magrib ya samo asali: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, karatu a ruwayar Warshu. Sai a 2011 da 2013 na ga Andrea Brigaglia, Baitaliye, ya zauna ya bambanta hannun Kanawa irin na Sharif Bala Gabari da na Barno a rubuce, na biyun tare da Mauro Nobili. Na ji daɗi, na kuma ji kunya.

Bara da na je gida, a Sabon Gari na tambayi ɗan ƙanena ɗan Islamiyya mene ne kaulasan, ɗaya daga cikin sunayen baƙaƙen nan. Ya ce ko sunan gari ne? Alƙur'aninsa bugun Madina ne, ruwayar Hafsu.

Malaman Hausa da Larabci na jami'ar da ke Samaru, Shika ba nisa. Ku ɗauki na'ura ku je wurin alarammomi tun suna nan.