Daga Nima Zuwa Zongo Lane Neman Maganin Firiji

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. To tafiyarmu ta wannan wata ba ta fita garin Ankara ba, amma abin da muka koyo a cikinta muna fata zai tsare wa wani daga cikinku kuɗinsa.

A watan Fabrairu na 2025, saura kwana 10 a kama azumi, yayarmu da ke zaune a Nima ta aiko yaro ya kira mu. Tun da maigidanta ya rasu, da firiji guda ɗaya take riƙe da gida: sobolo, lamurji, burkina da ƙanƙara. Daga nan ake cin abinci, daga nan ake biyan kuɗin makarantar yara uku. Kowa kuwa ya san cinikin azumi shi ne cinikin shekara.

Muka tarar da ita zaune ta yi tagumi, ruwa ya malale a ƙasa, burkinar jiya ta yi tsami. Ta ce, "Ƙanena, wani yaro mai gyara ya zo, ko bayan firijin bai leƙa ba ya ce injin ya mutu, sai dai a sayi wani. Ni ina zan samu wannan kuɗi?" Muka ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba a yi wa mai rai jana'iza. Bari mu kira dattijo."

Akwai wani tsohon masta a unguwar, wanda ya fara gyaran firiji tun muna yara. Da ya iso bai taɓa komai ba tukuna. Ya sa aka kunna, ya durƙusa ya kasa kunne. Injin ya yi gurnani kaɗan, sai muka ji ƙas, ya yi shiru. Bayan 'yan mintoci ya sake yin haka. Masta ya zare filogi daga bango, ya buɗe wani ɗan murfi a gefen injin, wato kwamfaresa, ya ciro wani baƙin abu da bai fi akwatin ashana ba. Ya girgiza shi a kunnenmu, muka ji yana caccaka kamar tsakuwa a gwangwani.

Ya ce, "Malam, wannan shi ne rile. Shi ke tayar da inji in zai fara aiki. In ya ƙone, inji ya yi ta yunƙuri ya kasa tashi, sai wannan na kusa da shi, obalod, ya yanke wuta don kada inji ya ƙone. Shi ne ƙas ɗin da kuka ji." Ya auna ƙafafu uku na injin da mita, ya ce wayoyin ciki lafiyarsu ƙalau. Ya damƙa mana rile da obalod, ya sa muka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin injin da wayar hannu, ya ce, "Ku tafi Zongo Lane. Kada ku saya sai kun ɗora sabon kusa da tsohon."

Washegari da safe muka hau tiroro. Muka bar hasumiyoyin babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, muka nufi tsakiyar gari. Muka sauka wajen Tudu muka ƙarasa da ƙafa ta Makola, ana ta turereniya da 'yan kayayo masu ɗauke da manyan tasoshi a ka. Muka ratsa ta Rawlings Park, filin da tsohuwar kasuwar Makola take kafin sojoji su rushe ta a 1979.

Mai karatu, sunan Zongo Lane ba a banza ya samu ba. A nan ne kakanninmu Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka yi zango a ƙarshen ƙarni na 19, kafin wuri ya yi ƙunci Malam Bako ya ja jama'arsa zuwa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20. Yau kuwa gidajen sun koma kantuna. Lungu ne matsattse, hagu da dama wayoyin lantarki, lasifikoki, kayan rediyo da talabijin, ga bututun jan ƙarfe a naɗe, ga tukwanen gas na firiji an jera su a bakin ƙofa. Kunnenka zai ji Tonanci, da yaren Ga, da Turanci, Hausa kuma ba ta bar wurin ba.

Kanti na farko aka miƙo mana rile mai ƙafafu daban da namu, mai kanti ya ce duk ɗaya ne. Muka tuna da gargaɗin masta, muka yi godiya muka wuce. A kanti na uku ne muka samu wani dattijo da ya karɓi tsohon, ya duba hoton da ke wayarmu, ya ciro daidai irinsa. Kuɗin rile da obalod gaba ɗaya bai kai cinikin da Yaya ke yi a yini guda na azumi ba.

Da yake matambayi ba ya ɓata, muka zauna a benci muka tambaye shi cututtukan firiji da suka fi kawo mutane wurinsa. Ya ce na farko shi ne wuƙa. Ƙanƙara ta taru, uwargida ta ɗauki wuƙa tana sara, sai ta huda bututu, gas ya tsere. Magani shi ne a kashe firiji, a buɗe ƙofa, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki a jira. Na biyu robar ƙofa: ka maƙale takardar sidi biyar ka rufe, in ta zare ba wuya to sanyi na fita, inji kuma ba zai huta ba. Na uku ƙura a kan ragar baya, da manna firiji jikin bango har zafi ya rasa hanyar fita. In ruwa na taruwa a ciki, yawanci ɗan ramin magudana ne ya toshe. In komai na daskarewa har tumatir, inji ba ya tsayawa, a duba tamostat. A irin firijin da ba ya tara ƙanƙara kuma, in sama da sanyi ƙasa babu, a duba fanka ko hitar da ke narkar da ƙanƙara.

Game da gas ya ja kunnenmu ƙwarai. Ya ce gas ɗin firiji ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake cikin rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma duk mai gyaran da ya ƙara gas bai toshe ramin ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinka. Gas kuma iri-iri ne, an rubuta a jikin inji. Tsohon nan R12 an daina shi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe irin namu wa'adinsu ya cika a 2010. Saura R134a da R600a, ba a zuba wani a madadin wani. R600a yana kama wuta, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne.

Muka tambaye shi batun tsohon inji na hannu. Ya ce tun 2013 Gana ta hana shigo da tsofaffin firiji daga Turai saboda cin wuta, kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie inda ake tsintar kayan gyara kuma an rushe ta a 2021. Wanda ya ce lallai sai na hannu, to a kunna masa a gabansa kafin ya biya, domin araha ba ta ado. Mai sayen sabon firiji kuwa ya duba rawayar takardar nan mai taurari: yawan taurari, ƙarancin cin wuta.

Kafin mu tashi muka ƙara da ɗan akwatin kariya da ake sawa tsakanin filogi da bango. Wanda ya ga dumsor na 2015 ya san ɓarnar da wuta ke yi in tana tafiya tana dawowa. Akwatin yana jinkirta wutar 'yan mintoci kafin ya sake ta ga inji. Wanda ba shi da shi, in an ɗauke wuta ya zare filogi, in an kawo ya jira kamar minti 5.

La'asar sakaliya muka koma Nima. Masta ya maƙala rile, aka kunna, inji ya ɗauka da wani sanyayyen gurnani bai tsaya ba. Yaya ta sa hannu a bangon ciki ta ji ya fara sanyi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Baba, Allah ya saka da alheri." Ran 1 ga azumi yara suka yi layi a ƙofarta da kofuna.

Saboda haka 'yan'uwa na Kumasi, Tamale, Koforidua da sauran zangunanmu, in firiji ya tsaya a fara da ƙananan abubuwa, a zare filogi kafin a taɓa, a tafi kasuwa da tsohon kayan a aljihu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa.